Takarda ta ce babu komai, ƙafa kuma tana ɗoyi

Tambayar da masu jinya suka fi yi mana a ɗakin gwaje-gwaje ita ce: "Malam, ga gyambo yana ta zubar da mugunya, wari ya cika ɗaki, ta yaya za a ce ba a ga ƙwayar cuta ba?" Suna da gaskiya. Sau da yawa ƙwayar tana nan, mutuwa ta yi a hanya kafin ta iso hannunmu.

Akwai bakteriyar da iskar oksijin guba ce a gare su. Louis Pasteur na Faransa ne ya fara bayanin irin wannan rayuwa a 1861. Mazauninsu hanji da dasashi da gaban mace, kuma a can zaman lafiya suke da mu. Sai sun sami ƙofa suke ɓarna: hanji ya huje, haƙori ya ruɓe, ƙafar mai ciwon suga ta yi gyambo mai zurfi, ko mahaifa ta kamu bayan haihuwa ko ɓari. Bacteroides fragilis ce ta fi yawan tara mugunya a ciki. Clostridium perfringens kuwa tsoka take ruɓarwa har ta tara iska, in ka danna fatar ka ji ƙaras-ƙaras. Wannan a cikin awoyi take cin mutum.

A tsohuwar hanya, shuka samfurin muke yi a faranti, mu rufe a tulun da aka cire wa oksijin, ba buɗewa sai bayan awa 48. Kafin a kai ga sunan ƙwayar mako na iya shuɗewa, mara lafiya kuwa ba ya jiran mako.

Shi ya sa nake girmama rinin Gram, duk da tun 1884 ake amfani da shi. Ɗigon mugunya a kan gilashi, rini, madubi, cikin minti 15 an sami labari. Idan na ga sanduna masu kauri, shuɗi-shuɗi, gefensu a datse kamar bulo, ga ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba su da yawa, na san kamannin Clostridium perfringens ke nan, ba na jiran takarda, likita nake buga wa waya. Bayan bakteriyar ta tsiro a faranti ma akwai dabaru masu arha. Bacteroides fragilis tana baƙanta farantin da aka sa wa ruwan matsarmama da sinadarin eskulin. Porphyromonas da wasu Prevotella suna yin ja jawur idan aka haska su da fitilar ultrabayolet. Clostridium perfringens tana yin farin dishi-dishi kewaye da kanta a farantin kwanduwar ƙwai. Akwai kuma kayan gwaji irin su RapID ANA II, masu duba sinadaran da ƙwayar ke ɗauke da su, su ba da suna cikin awa 4.

Sarkin waɗannan dabaru shi ne injin MALDI-TOF, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013. A shafa ƙwayar a ɗan ƙarfe, a harba mata hasken lesa, injin ya karanta furotin ɗinta, suna ya fito cikin mintoci. Amma yana da tsada, yana son wutar da ba ta ɗaukewa, kuma a yawancin aiki sai ƙwayar ta tsiro tukuna. Gawa ba ta tsirowa.

Sanin sunan yana sauya magani. Allurar jentamisin ba ta taɓa waɗannan ƙwayoyi, domin sai da oksijin take shiga cikinsu. Flagyl yana kashe yawancinsu, amma ba ya yi wa wata daga cikinsu, Actinomyces, komai.

Don haka, 'yan'uwa ma'aikatan jinya, a daina shafo saman gyambo da auduga. A zuƙo mugunyar daga can ciki da sirinji, a fitar da iska, a zuba a kwalbar da aka tanada don wannan aiki, ko a cire allura a toshe bakin. Kada a sa a firiji, kuma a ɗauka kafin a fara magani. Ku kuma masu jinya, in an ba ku samfuri ku kawo nan take, ku bar biyan kuɗi da sayen abinci sai kun dawo. In mara lafiya ya sha Flagyl daga kemis, ku faɗa mana.