KALLON BIRAI A DAJIN FALGORE

Yaran Achika da sauran ƙauyukan ƙasar Wudil sun san kogin nan da ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil. Amma ba kowane yaro ya san inda ruwansa ya fito ba. Wani sashe na ruwan daga Kogin Kano yake, shi kuwa Kogin Kano sai da ya ratsa wani babban daji tukuna, wanda ake kira Falgore. Dajin yana kan hanyar Jos, kimanin kilomita 150 kudu da birnin Kano.

Tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, aka keɓe wannan daji aka hana saran itatuwansa. Cikin shekarun 1960 kuma aka mai da shi gandun namun daji, watau wurin da doka ta hana farauta.

A dazuzzukan Arewa akwai birai iri uku da aka fi sani. Akwai bika, mai jiki da dogon baki kamar na kare. Akwai kirka, mai baƙar fuska, wanda ba ya nisa da itatuwan bakin rafi. Sa'an nan akwai jan biri, wanda ya fi kowane biri na duniya gudu, gama yakan yi kilomita 55 cikin sa'a guda. Jajayen birai tare suke kiwo. Yawanci babban namiji ɗaya ne cikin garke, shi ne kuwa yakan hau wuri mai tudu ya yi ta dube-dube saboda abokan gaba.

To, birai suna raguwa. Ana sare itatuwan da suke kwana a kai, ana kuma harbinsu. Masu wasa da biri a kasuwa kuwa tun yana ƙarami ake kamo musu shi, sau da yawa ma sai an kashe uwar kafin a sami ɗan. Ga shi kuma biranya ɗa ɗaya takan haifa, yawanci sau ɗaya a shekara, saboda haka in garke ya ragu yakan daɗe bai cika ba. A Jihar Kuros Riba akwai wani biri da ake kira diril, wanda ya kusa ƙarewa. Duk duniya ba a samunsa sai can, da ƙasar Kamaru, da wani tsibiri mai suna Biyoko.

Wanda ya tafi kallon birai, ba ya shiga gandu sai da izinin hukuma, kuma tare da ma'aikacin daji. Da sassafe ko da la'asar sakaliya aka fi ganinsu, lokacin da suke kiwo. Mai kallo yakan tsaya daga nesa, ba ihu, ba jifa. Ba ya ƙura wa biri ido, gama a wurin biri wannan neman faɗa ne. Mai mura ko tari sai ya haƙura har ya warke, domin cutar mutum tana kama biri.

Babbar dokar ita ce kada a ba biri abinci. Yaro yakan ga kamar alheri ne ya jefa masa gyaɗa, alhali cutarsa ya yi. A gandun Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa baƙi a 1962, bika sun saba da abincin mutane har suna fizge shi daga hannu. Birin da ya daina tsoron mutum, gona zai faɗa. Manomin da aka ɓata wa masara kuwa ba zai ƙyale shi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan mutum ne ya miƙa mabuɗin.

Biri yana da aikinsa a daji. Yakan ci kanya da ɗinya da tsamiya, ya yar da ƙwallonsu a wani wuri, su tsiro. Itatuwan nan su ne ke riƙe ƙasar gaɓar kogi don kada ruwa ya zaizaye ta. Ashe wanda ya bar biri ya yi kiwonsa lafiya ya taimaki kogin da ke zuwa Wudil.

TAMBAYOYI
1. Ina dajin Falgore yake?
2. Don me garken birai ba ya saurin cika?
3. Don me aka hana ba biri abinci?