Miliyan Ɗaya da Yadda Take Rabuwa

Kusan kullum mai sauraron rediyo yakan ji an ambaci miliyan, ko a maganar kasafin kuɗi ko a ƙidayar jama'a. Amma mutane ƙalilan ne suka tsaya suka duba halin wannan adadi da kakanninmu ke kira zambar dubu, watau dubu sau dubu, wanda ake rubutawa 1,000,000. Wanda ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 11 da awa 13 da 'yan mintoci kafin ya kai.

Miliyan cika ce, ba mara ba, domin tana rabuwa biyu daidai. Haka kuma fili mai tsawon mita 1,000 da faɗin mita 1,000 girmansa murabba'in mita miliyan ɗaya ne, watau hekta 100.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tubalin da aka gina ta da shi. Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, kamar 2, 3, 5 da 7, kuma kowane adadi daga ire-irensu yake fitowa. Idan aka warware miliyan, ba a samun kome sai 2 sau shida da 5 sau shida: a ninka biyun a sami 64, a ninka biyar ɗin a sami 15,625, a buga su tare, miliyan ta fito. Saboda haka lambobi 49 kaɗai ne ke raba ta ba saura, kuma babu 3, 6, 7 ko 9 a cikinsu.

Wannan ya shafi masu rabon gado ƙwarai. A ce mamaci ya bar naira miliyan ɗaya. Rubu'i zai fita daidai, naira 250,000, tumuni kuma 125,000. Sulusi fa? Naira 333,333 ne, da saurar naira ɗaya da ba ta rabu ba. Sudusi 166,666 ne, naira huɗu su yi saura. Ko an mayar da kuɗin kwabbai, kwabo ɗaya sai ya tsaya a rabon uku, don kuwa kwabo 100 na naira shi ma daga 2 da 5 ya fito. Kafin canjin kuɗi na 1973 fam guda kwabo 240 ne, kowane mutum cikin uku ya ɗauki 80 a tashi. Tsarin goma-goma ya sauƙaƙa lissafi sosai, amma a nan tsohon kuɗi ya fi shi daɗin rabo.

To, kada magada ko 'yan ƙungiyar manoma su zargi mai lissafi da ha'inci in irin wannan saura ta bayyana. Ga hanyar gwadawa: a tara alƙaluman adadin, in jimlarsu ta rabu da 3, shi ma zai rabu. Alƙaluman miliyan jimlarsu 1 ce. Na 999,999 kuwa 54 ne, shi ya sa yake rabuwa uku ba saura.