Koyar da Girkin Gida ga Masu Farawa: Kwatanci Tsakanin Japan da Zamfara

1.0 Gabatarwa

Girki reshe ne na al'ada, kuma rumbu ne na kalmomi. Duk girkin da aka daina yi, kalmominsa kan bi shi su ɓace. Wannan darasi zai dubi yadda Japanawa suke koyar da girkin gida, sannan ya kwatanta shi da abin da ake samu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

1.1 Tsarin Japanawa

A shekarar 2005 Japan ta kafa dokar ilimin abinci, wato shokuiku, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya girkinta na gargajiya, washoku, cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci adanawa. Tun daga aji biyar na firamare ake koya wa yara, maza da mata, darasin kula da gida, inda suke koyon dafa shinkafa da miyar miso. Ana kuma nuna wa mai farawa tsarin ichiju-sansai, ma'ana miya ɗaya da mahaɗi uku a gefen shinkafa.

Abin sha'awa ga manazarcin harshe shi ne yadda ake haddace jerin kayan ɗanɗano da gaɓoɓi biyar: sa-shi-su-se-so. Suna nufin sukari, gishiri, ruwan khal, ruwan waken suya, sai miso. Sukari ake fara sawa saboda yana jinkirin ratsa abinci. Miso kuwa a ƙarshe, domin dogon tafasa yana kore ƙamshinsa.

1.2 Tsarin Hausawa

A ƙasar Zamfara, gaban murhu shi ne ajin farko, uwa ko kaka kuwa ita ce malama. Yarinya takan koyi tuwon dawa mataki-mataki: surfe, bakace, wanki, niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi, sulala, sai kwasa. Kowane mataki da kayan aikinsa, kamar turmi da faifai da rariya da muciya da mara. Karin harshe ma yana bayyana a nan: a yankin ana cewa hura maimakon fura, yakuwa kuma sure. Akwai kuma hoce, wainar dawa da aka san Zamfarawa da ita.

1.3 Daddawa da Miso

Daddawar kalwa da miso duk ana samar da su ne ta hanyar barin ƙwaya dafaffiya ta ruɓa cikin kulawa, kuma sinadarin gulutamet ne ke ba su armashi. Masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano wannan ɗanɗano a 1908, ya kira shi umami. Daga bincikensa aka samar da Ajinomoto a 1909, wanda Hausawa ke kira farin magi. Ga shi yau yana gogayya da daddawa a tukunyar Bahaushiya.

1.4 Kammalawa

Japanawa sun tsara girkinsu a manhaja. Na Hausawa galibi yana hannun tsofaffi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, da Kwalejin Ilimi ta Maru suna yaye malaman da za su iya taskace wannan ilimi tun masu shi suna raye.

Jinga

1. Bayyana bambancin ma'ana tsakanin dafa, soya, gasa, turara da sulala.
2. Tattaro kalmomi 20 na girki daga bakin wata dattijuwa a garinku, tare da ma'anoninsu.