Yadda Ake Rage Tarin "Idan" a Manhajar Scratch

A ce kana son magen Scratch ta faɗi babban birnin kowace jiha da aka rubuta mata. Jihohin Najeriya 36 ne. Mai koyo yakan jawo tubalin "idan... in ba haka ba", ya cusa wani a cikinsa, ya sake cusa wani, har tsarin ya zarce allon kwamfuta. Ranar da aka ga kuskure a na ashirin, sai an yi ta jan tubala kafin a kai gare shi. Ba laifin mai koyo ba ne gaba ɗaya. Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, ba ta da tubalin zaɓi tsakanin abubuwa da yawa, irin switch na harsunan C da Java.

Dabarar ita ce a kwashe sharuɗɗan daga cikin tubala a zuba su a jeri.

Fara da buɗe jeri biyu, ɗaya na jihohi, ɗaya na birane. Abin kiyayewa shi ne su tafi kafaɗa da kafaɗa: in Jigawa ce ta 5 a na farko, to Dutse ta zama ta 5 a na biyu, in Yobe ta biyo baya, Damaturu ta bi ta. Ba sai ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba. Rubuta su a fayil, kowane suna a layinsa, ka danna maɓallin dama na linzami a kan jerin ka shigo da su.

Daga nan tubala kaɗan suka rage. Mage ta yi tambaya. Ka ɗauko tubalin da ke nemo lambar abu a cikin jeri, wanda ya zo da Scratch 3.0 a 2019, ka ba shi amsar da aka rubuta, ka ajiye lambar. Sai mage ta faɗi abin da ke wannan lamba a jerin birane. Ƙirga a Scratch daga 1 take farawa, kuma in ba a sami sunan ba tubalin 0 yake bayarwa. Saboda haka "idan" guda ɗaya tak kake bukata: in lambar 0 ce, mage ta ce ba ta san wannan jiha ba. Babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne a wajen Scratch, amma fa in yaro ya bar sarari bayan "Kano", ba za ta gane ba.

Maki kuwa sai an ɗan canza salo, domin tazara ake dubawa. Ɗauki tsarin da makarantu da yawa ke bi, daga A1 zuwa F9. Jeri na farko ya ɗauki mafi ƙarancin makin kowane mataki, daga sama zuwa ƙasa: 75, 70, 65, 60, 55, 50, 45, 40, 0. Na biyu ya ɗauki sunayen matakan. Sa maƙirgi a 1, ka yi ta ƙara masa ɗaya har makin ɗalibi ya kai adadin da ke wannan gurbi. Scratch ba ta da alamar "ya kai ko ya fi", don haka sai ka haɗa tubalin korewa da na "bai kai ba". Kada ka manta da sifilin ƙarshe, shi ne birkin. Kada kuma ka juya jerin daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba kowa F9 zai kwasa, har da na ɗaya a aji.

To, in kowane sharaɗi aiki yake bukata, kamar tsalle ko gudu a wasa fa? Tubalin aika saƙo yana karɓar sunan da aka ciro daga jeri. Sai kowane aiki ya sami nasa ɗan tsari a ƙarƙashin tubalin karɓar saƙo. A nan a lura da rubutun suna, domin in harafi ɗaya ya kuskure, Scratch shiru za ta yi, ba gargaɗi ba komai.

Ni dai in sharuɗɗa ba su wuce uku ko huɗu ba, ba na wahalar buɗe jeri. Nakan jera "idan" a cikin tubalin da na ƙera da kaina, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne ya ƙare da umarnin tsayar da wannan tsari, don kada a ci gaba da duba sauran bayan an sami wanda ya dace.