DARASI: YAWAN RUWA A CIKIN MAI JUNA BIYU

Ya 'yar'uwa ɗaliba, ki sani ɗan da ke cikin mahaifa a cikin ruwa yake kwance, shi ne wanda ke zuba idan faya ta fashe. Ɗan yana haɗiyarsa, yana fitar da shi ta fitsari, don haka yake tsayawa bisa gwargwado, kimanin lita 1 wajen wata na 8. Amma cikin kowane ciki 100 akan sami 1 ko 2 da ruwan ke wuce kima, har ya kai lita 2 ko fiye.

A nan Wurno da Rabah da Goronyo, in an ga ciki ya yi girma ƙwarai sai a ce, "Barka, tagwaye ne!" Wataƙila hakan ne, wataƙila kuma ruwa ne. Alamarsa: ciki ya ɗaure yana sheƙi, numfashi ya yi wuya musamman in an kwanta, ƙafafu su kumbura, ungozoma ta lalubi kan ɗa ta rasa.

Sababinsa kan zamo ciwon suga ga uwa, ko toshewar hanyar abincin ɗan har ya kasa haɗiya, ko tagwayen kansu. Sau da yawa ba a gano dalili, kuma a haihu lafiya. Sai dai jiƙon maganin zaƙi ba ya rage shi, kada ki wahalar da kanki.

Haɗarin yana ranar haihuwa. Ɗa yana yawo cikin ruwa, yana iya zuwa a gicciye. In faya ta fashe da ƙarfi, igiyar cibiya tana iya rigan kai fitowa, ya danne ta, jini ya yanke masa cikin mintuna kaɗan. Mahaifar da ta buɗe ainun kuma takan kasa tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle. Wannan ba aikin ɗaki ba ne.

To, ki je awo, a yi hoton ciki, a gwada suga. In an tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ki tafi tun naƙuda ba ta taso ba. Kai kuma maigida, ka bar izinin fita da kuɗin mota a hannunta kafin ka wuce fadama, don ruwan ba ya jiran ka dawo. In ta ga cibiya ta leƙo, ta durƙusa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, a ɗauke ta haka nan zuwa asibiti, kada kowa ya ja.