DARASI: ƊAUKAR NAUYIN MARAYU DA YARAN DA AKA YASAR

Jama'ar Allah, a wannan wata darasinmu a kan marayu ne, da yadda Ekklisiya take kula da su ta hannun masu ba da taimako. Kafin ku ci gaba, ku buɗe Wasiƙar Yakubu 1:27 ku karanta tare da iyalinku. A can manzo ya sa kula da marayu da gwauraye cikin alamun addini na gaskiya.

1. Yadda aikin ya soma

A shekara ta 1843, Bishop Charles de Forbin-Janson na birnin Nansi a Faransa ya kafa Ƙungiyar Yarantaka Mai Tsarki. Wasiƙun 'yan mishan daga ƙasar Sin ne suka tayar masa da hankali, gama suna ba da labarin jarirai da ake yasarwa saboda talauci. Bayan ya yi shawara da Pauline Jaricot, wadda ta kafa Ƙungiyar Yaɗa Bangaskiya a birnin Liyon a 1822, sai ya juya ga yara. Abu biyu ya roƙa a wurin kowane yaro: addu'ar gaisuwar Maryamu kowace rana, da ƙaramin kwabo ɗaya kowane wata. Da waɗannan kwabbai aka ceci jarirai, aka ciyar da su, aka sa su makaranta. Bishop ɗin ya rasu a 1844, amma aikin ya ci gaba. A 1922 Paparoma Piyus na 11 ya sa ƙungiyar a ƙarƙashin kulawar Paparoma, yau kuwa tana aiki a ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya.

2. Abin da aka koya a hanya

Kyakkyawar niyya tana bukatar hikima. Bayan faɗuwar mulkin Kwaminisanci a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara a manyan gidajen marayu, ba mai ɗaukarsu, ba mai kiran sunansu, kuma girmansu da hankalinsu sun tauye. An kuma gane cewa da yawa daga cikin yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Saboda haka a 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji masu nuna cewa talauci kaɗai bai isa ya zama dalilin raba yaro da iyalinsa ba. A 2012 ƙasar Ruwanda ta soma mayar da yara daga gidajen marayu zuwa cikin iyalai. Wannan bai yi nisa da al'adarmu ta riƙo ba, inda kawu ko gwaggo ke ɗaukar ɗan mamaci. Ɗa na kowa ne.

3. Abin da ya kamata mu yi

Na farko, idan za ka ɗauki nauyin yaro, nemi hanyar da za ta bar shi a hannun danginsa: kuɗin makaranta, magani, ko jari ga gwauruwar da ke riƙonsa.

Na biyu, ka ɗaure har ƙarshe. Wanda ya biya zango ɗaya ya janye, ya bar yaron a tsakiyar kogi. Gara ka yi alkawarin kaɗan ka cika.

Na uku, a nemi lissafi. Kuɗin maraya amana ne. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban kwamitin Ekklisiya.

Na huɗu, a kiyaye mutuncin yaron. Kada a tsayar da shi a gaban jama'a ana nuna shi, kada kuma a sa taimako ya zama ciniki a kan addininsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta:

(a) Marayu nawa ne muka sani da sunansu a cikin Ekklisiyarmu da unguwarmu?
(b) Wa ke riƙonsu, me kuma ya fi yi masa nauyi?
(c) Nawa 'ya'yanmu za su iya ajiyewa kowane wata domin wani yaro?

Zumuntar Mata da ta Maza da ta matasa su kawo amsoshinsu ga Fada ko katekis kafin ƙarshen wata. Ubangiji, Uban marayu, ya ba mu zuciyar cika alkawari. Amin.