Ƙaramin kicin a gidan bene: a fara auna kaya kafin a kira kafinta

Tsara kicin da haɗa kabad ita ce sana'ata, kuma yawancin aikin da ke zuwa mini yanzu daga gidajen bene ne na Abuja da Kaduna, inda kicin bai cika wuce mita biyu da uku ba. Uwargida takan turo mini hoton da ta gani a Instagram, ta ce irinsa take so. To, wanda ya zana wancan kicin ɗin bai san buhun shinkafa mai kilo 50 ba, bai san jarkar ruwa ba, balle tukunyar tuwon suna.

Shi ya sa kaya nake fara aunawa kafin bango: silindar gas, buhu, jarka, babbar tukunya, injin markaɗe. In waɗannan ba su samu mazauni tun a takarda ba, ƙasa za su ƙare, ki riƙa tsallake su da tukunya mai zafi a hannu.

Wannan dabara ta daɗe. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Austriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, aka yi irinsa a gidaje kusan 10,000. Sai da ta nazarci zirga-zirgar mai girki tukuna, har fulawa da sukari ta ba kowanne ɗan mazubinsa a jikin bango. Girkinmu ya bambanta da nasu, amma tunanin ɗaya ne.

Teburin aiki yakan kai santimita 90 daga ƙasa, faɗinsa 60. Kabad na sama kada zurfinsa ya wuce 35, don kada ki riƙa buga goshi. In layi biyu za a yi suna fuskantar juna, a bar aƙalla mita ɗaya a tsakani. In babu wannan filin, a haƙura da layi ɗaya mai kwana. A ƙasa na fi son durowa a kan mai ƙofa, domin abin da ya shige lungun kabad sai an durƙusa ake ganinsa. Na sama kuwa a kai shi har silin. Gurbin da ake bari a kansa ƙurar hunturu da maiƙo kawai yake tarawa. Can saman ne ya dace da kulolin aure da faranta, waɗanda sai Sallah suke fitowa. Gaskiya ma, Hajiya, rabinsu kyautarwa ya kamata a yi, amma na san inda wannan magana ke kai mu.

Inda ba na sassauci shi ne gas. Sau da yawa ana roƙona in rufe silinda a cikin kabad don kada ta ɓata kyan wuri. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi; in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, ƙyastawa ɗaya ta isa. In akwai baranda, a kai silindar can a jawo bututu. In dole sai a ciki, a buɗe wa kabad ɗin kafofin iska daga ƙasa, kuma kada a toshe taga da komai.

Ƙarƙashin wurin wanke-wanke kada a yarda da katakon MDF: yana shan ruwa ya kumbura, kyankyasai su samu gida. A sa filawud mai jure ruwa, a ɗaga shi a kan ƙafafu don mofa ta shiga.

Sai batun bango. A gidan bene, bangon da kike son rushewa wataƙila shi ke ɗauke da ɗakin maƙwabcin sama, bututun da kike son kawarwa kuma naku ne tare da na ƙasa. A nemi izinin mai gida ko masu kula da rukunin gidajen, injiniya ya duba, sannan a ɗaga guduma.